Igiya uku da suka ɗaure fayil ɗin rahotonmu

Kusan shekara biyu, duk wanda ya buɗe fayil ɗin rahoton wata-wata na sashenmu sai wani akwati ya tare shi tun daga bakin ƙofa. Manhajar lissafi ta Excel ce ke gargaɗi cewa fayil ɗin yana da alaƙa da wasu fayiloli na waje, tana tambaya ko a sabunta alƙaluma daga can ko a bar su yadda suke. Mu kuwa hannu ya riga ya saba. Kafin ido ya karanta, yatsa ya danna Don't Update, an wuce wurin. Ni gadon fayil ɗin na yi, wanda na karɓa a hannunsa shi ma gada ya yi, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi akwatin nan abin da ke tafe da shi. Shafi goma sha huɗu ne a fayil ɗin, kowane da hannun wani daban a kansa.

Ranar da maganar ta taso, shugabar sashenmu ce ta kira ni. Ta ce, "Malam, jibi za mu tura wa masu binciken lissafi na waje fayil ɗin nan. Ba na so su buɗe su ci karo da wannan gargaɗin, su ɗauka akwai abin da muke rufewa. Ka kawar min da shi." Na ce, "An gama, ranki ya daɗe, ai aikin minti biyar ne." Wuni ɗaya da rabi ya ci min.

Ina komawa teburina, yaron da ke zama kusa da ni, wanda bai daɗe da fara aiki ba amma hannunsa na da sauri a kwamfuta, ya ce, "Yaya, ai akwai inda ake kashe shi." Kuma gaskiyarsa. A sashen Data akwai maɓallin Edit Links, a sababbin Excel na Microsoft 365 kuma sunansa ya koma Workbook Links. A ciki akwai wurin da za ka ce wa fayil ya daina nuna gargaɗin in an buɗe shi. Danna biyu ne. Sai dai wannan toshe bakin mai kuka ne kawai, ciwon yana nan. Ban ɓoye ba, na kusa yi, domin abin da aka nema daga gare ni ke nan, kada akwatin ya fito. Abin da ya tsayar da hannuna shi ne rubutun da na hango a ƙasan jerin.

Fayil uku ne aka jera. Na farko sunansa Kaso.xlsx, yana foldar da duk muke amfani da ita, na san shi. Na uku, Jeri.xlsx, adireshinsa na nuna wata tsohuwar sabar ofis da aka kashe tun kafin in zo. Na biyun ne ya sa na gyara zama. Sunansa Sashe_sabo2.xlsx, kuma adireshinsa ya bi ta foldar Users ta kwamfutar wani, da cikakken sunan mutumin, ya ƙare a Desktop ɗinsa. Mutumin ya bar aiki tuntuni, kwamfutarsa ma ba ta ofis. Amma ga sunansa nan yana yawo a cikin fayil ɗinmu duk inda aka tura shi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ga wanda bai taɓa lura da kamannin abin ba: in fomula tana ɗebo lamba daga wani fayil, Excel tana rubuta sunan fayil ɗin a cikin baka mai kusurwa, sai sunan shafi, sai alamar motsin rai, sai adireshin gurbi, wato ɗan akwatin da ake zuba lamba a cikin shafi. Kamar haka: =[Kaso.xlsx]Tebur!$B$4. In wancan fayil ɗin a rufe yake, sai ta ƙara dukan hanyar da ake bi a kai gare shi a gaba. Sau da yawa ba wanda ya zauna ya ƙulla wannan igiya da gangan. Mutum ne zai kwafi gurabe daga tsohon fayil ya liƙa a sabo, fomular da ke ciki tana kallon wani shafi na gidansu na da, sai ta ci gaba da kallonsa daga nesa. Ko ya ɗauko shafi sukutum ta hanyar Move or Copy, shafin ya zo da tarkacensa.

Abu ɗaya na yi daidai tun farko: na ajiye kwafin fayil ɗin a gefe kafin in taɓa komai. Sannan na zaɓi ukun, na danna Break Link. Excel ta gargaɗe ni cewa wannan aiki ba a warware shi, na ce na ji. Kaso.xlsx ya ɓace daga jerin. Sauran biyun ko gezau. Na sake dannawa, ba wani saƙon kuskure, ba komai, suna nan daram kamar ban yi magana ba.

Kafin ma in damu da su, sai na ga ɓarnar da na yi da na farkon. A shafin taƙaitawa akwai gurabe da fomularsu ke ninka adadin wata da kason da ke cikin Kaso.xlsx. Rabin fomular na gida ne, rabi na waje. Break Link ba ta san wannan bambancin ba. Duk gurbin da ta tarar da igiya a cikinsa, dukan fomular take sharewa ta bar lambar da ke ciki a lokacin. Na canza adadin wata don gwaji, jimla ba ta motsa ba. Ta daskare. Da na tura shi a haka, wata mai zuwa a zuba sababbin alƙaluma jimla ta ci gaba da nuna ta watan jiya, kuma babu alamar da za ta tona. A ganina wannan ya fi akwatin gargaɗin haɗari nesa ba kusa ba, domin shi akwatin aƙalla yana magana. Ctrl+Z, mai warware abin da aka yi, bai yi komai ba, kamar yadda aka faɗa min. Na rufe ban adana ba, na sake ɗauko kwafi.

A zagaye na biyu na bi a hankali. Tunda Kaso.xlsx yana nan da ransa kuma teburin da ke cikinsa ƙarami ne, sai na buɗe sabon shafi a fayil ɗinmu, na sa masa suna Tebur daidai da na can, na liƙa lambobin zalla ba tare da fomula ko ado ba, kowace a gurbin da take a can. Na adana. Sannan na koma Edit Links na danna Change Source, da aka ce in zaɓi sabon tushe sai na zaɓi fayil ɗin rahoton shi kansa. Nan take bakar mai kusurwa ta faɗi daga dukan fomulolin, suka koma =Tebur!$B$4, suna raye suna lissafi. Wannan dabarar ta fi sauƙin ci in sunan shafin ya zo ɗaya. Igiya ɗaya ta tafi ba tare da jini ba.

Saura biyu. Na danna Ctrl+F, na faɗaɗa zaɓuɓɓukan, na ce a nema a dukan fayil ba a shafi ɗaya ba, kuma a duba cikin fomuloli ba lambobin da ido ke gani ba. Da farko bakar mai kusurwa na sa a nema, sai ga sakamako ɗari da ɗoriya, kusan duk na banza, domin fomulolin da ke aiki da tebur mai suna su ma da irin wannan bakar suke rubuta sunan kolum. Na canza na rubuta .xl, wanda zai kama xls da xlsx da xlsm gaba ɗaya. Babu ko ɗaya. Excel ta ce ba ta ga komai ba, alhali ita ce dai ke cewa akwai fayil biyu a ɗaure da mu.

A nan na fara gane cewa gurbi ba shi kaɗai ne wurin da Excel ke karɓar adireshi ba, kuma nema ba ya shiga ko'ina. Ba ya leƙa shafin da aka ɓoye. Na danna dama a kan sunan wani shafi na zaɓi Unhide, shafi biyu suka fito, tsofaffin gwaje-gwaje ne, babu komai a ciki. Amma ɓoyo a Excel hawa biyu ne. Akwai wanda ko a jerin Unhide ba ya fitowa. Sai ka danna Alt+F11 ka shiga ɗakin da ake rubuta makro, wato umarnin da ke sa Excel ta yi aiki da kanta, inda aka jera dukan shafuka a gefen hagu, na fili da na ɓoye. Na ƙirga: goma sha huɗu na asali, da Tebur da na ƙara, da biyun da na fito da su, sha bakwai ke nan. Jerin ya nuna sha takwas. Na zaɓi baƙon, na danna F4, na ga an sa masa lamba 2 a wurin da ake cewa Visible, wato ɓoyo mai zurfi. Shafi na fili -1 yake ɗauka, ɓoyayye na yau da kullum 0. Na mayar da shi -1.

Shafin cike yake da VLOOKUP, wato fomular da ke nemo abu a cikin tebur, layi bayan layi, duk suna miƙa hannu zuwa Sashe_sabo2.xlsx suna ɗauko sunan sashen da kowane ma'aikaci yake. Da alama wani ya taɓa buƙatar wannan don wani rahoto, ya gama, ya tura shafin ƙarƙashin gado. Kafin in goge shi na nemi sunansa a cikin fomulolin sauran shafuka, in ga ko akwai mai jingina da shi. Babu. Na goge, na adana, na rufe, na buɗe. Akwatin ya yi min sallama kamar kullum, kuma fayil biyun suna nan a jeri. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wannan rufewa da buɗewa, a ce wani abu ne ƙarami, amma sai da na yi ta fi sau ashirin. Jerin mahaɗan ba koyaushe yake nuna gaskiyar halin da ake ciki ba sai an adana an sake buɗewa. In ba ka yi ba, za ka iya cire abin da ya dace ka ci gaba da farautar inuwa.

Daga nan sai sunaye. Excel tana barin mutum ya laƙaba wa gurbi ko tarin gurabe suna, yadda maimakon ya rubuta B2:B40 sai ya rubuta sunan kawai. Ctrl+F3 ke buɗe rumbunsu, Name Manager. Ban taɓa sa suna ko ɗaya a fayil ɗin ba, don haka na zaci zan tarar da shi wayam. Sunaye sittin da uku na tarar. Na ja bakin akwatin ya faɗaɗa don in karanta kolum ɗin da ke nuna inda kowane suna ya dosa. Fiye da rabi #REF! suke nunawa, wato abin da suke kira ya mutu. Tara kuma suna nuna Desktop ɗin mutumin nan. Ga yadda suke taruwa: duk lokacin da aka ɗauko shafi daga wani fayil, sunayen da ke tare da shi sukan biyo shi, su zauna, ko da an goge shafin daga baya. Kamar baƙon da ya raka ango, biki ya watse shi bai tafi ba.

Yaron nan ya leƙo ya ce, "Yaya, zaɓe su duka ka goge mana." Na ce masa a'a, garin neman gira ake rasa ido. In ka goge sunan da wata fomula ke amfani da shi, gurbin zai koma #NAME?, kuma a fayil mai shafi goma sha bakwai ba lallai ka gani ba sai ranar da wani ya gani a gabanka. Akwai kuma irin su Print_Area, waɗanda Excel da kanta ke ƙirƙira don ta tuna iyakar abin da za a buga a takarda. Na tace na fara da masu kuskure, na goge. Taran nan kuwa ɗaya bayan ɗaya na nemi kowane a cikin fomuloli kafin in taɓa shi. Aiki ne mai gundura, ba dabara a cikinsa, haƙuri ne kawai.

Na rufe, na buɗe. Suna nan, su biyun.

Sai zane-zane. Akwai guda shida a fayil ɗin. In ka danna kan sanda ko layin da ke cikin zane, fomula mai farawa da =SERIES tana fitowa a sama, a nan ake ganin inda yake shan ruwa. Biyar lafiya lau. Na shida, wani ƙaramin zane a ƙasan shafin da ba mai zuwa, sandunansa na gida ne amma sunayen da ke jere a ƙarƙashinsu daga Sashe_sabo2.xlsx suke. Kan zane ma yana iya ɗaurewa da gurbin waje, don haka na danna kowane kai na duba. Na gyara na shidan ya kalli gida. Da na sake buɗewa, Sashe_sabo2.xlsx ya tafi. Wuri uku ya maƙale: ɓoyayyen shafi, sunaye, da zane. Shi ya sa Break Link ta yi ta dannuwa a banza.

Jeri.xlsx ne ya kai ni dare. Na danna F5 na shiga Special na zaɓi Objects, a kowane shafi, don in ga akwatunan rubutu da siffofi da maɓallai, har waɗanda aka matse suka zama kamar ɗigo. Akwatin rubutu yana iya ɗaurewa da gurbi, maɓalli kuma yana iya kiran makro da ke zaune a wani fayil. Na duba, babu. Na bi ƙa'idojin da ke canza launin gurbi shafi bayan shafi, domin ba a nuna su duka wuri guda. Babu. Na duba tushen PivotTable biyun da muke da su, wato teburan da ke taƙaita bayanai. Na gida ne. Na duba jerin zaɓi, irin wanda in ka danna gurbi 'yar kibiya ke fitowa ka zaɓi abu, a duk inda na san akwai su. Lafiya. Na kira Document Inspector, wanda ke ƙarƙashin File da Info, ya zagaya ya dawo ya ce lallai akwai mahaɗi zuwa wani fayil, akwai kuma ɓoyayyun sunaye, amma cirewa ba aikinsa ba ne. Na gode masa. Na kashe kwamfuta na tafi gida da abin a raina.

Da safe na canza hanya. Maimakon in ci gaba da tambayar Excel, sai na buɗe cikin fayil ɗin da kaina. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da xlsx ba dunƙule ɗaya ba ne, jakar zip ce da aka cusa ƙananan fayilolin rubutu a ciki. Tsohon xls ba haka yake ba, wanda ke da irinsa sai ya fara adana kwafi a matsayin xlsx. Na yi wani kwafin, na sa Windows ta nuna wutsiyar sunayen fayiloli, na canza xlsx zuwa zip, na amsa gargaɗin, na zazzage jakar a folda. A ciki akwai folda mai suna xl, a cikinta akwai worksheets, da charts, da wadda nake nema: externalLinks. Fayil ɗaya ne ya rage a ciki, externalLink1.xml, da wata 'yar folda a gefensa mai ɗauke da adireshin tsohuwar sabar nan.

Abin da ya buɗe min ido shi ne, a can ciki Excel ba ta maimaita sunan fayil ɗin waje a kowane wuri. Lamba take ba shi. Duk inda aka kira shi, [1] ake rubutawa. Ke nan ba sai na bi ɗaki-ɗaki ina ɗaga katifa ba. Na buɗe Notepad++, wanda ke iya nema a cikin dukan fayilolin folda lokaci guda, na ce ya nemo min [1]. Daƙiƙa biyu, ya kawo wuri biyu.

Na farko a sheet9.xml. A kula, lambar nan ba lallai ta zo daidai da jerin shafuka a ƙasan allo ba, sai da na duba workbook.xml da fayil ɗin da ke haɗa sunaye da lambobi kafin in san wane shafi ne. Kusa da ƙarshen rubutun, ga ƙa'idar jerin zaɓi tana nuna [1], kuma a gefenta an rubuta adireshin da take aiki: K412 zuwa K418. Bayanan shafin a layi na tamanin da wani abu suka ƙare. Gurabe bakwai ne fanko, can ƙasa inda ba mai gangarawa, ba rubutu, ba launi, ba komai sai ƙa'idar da wani ya liƙo tare da wasu gurabe shekarun baya, ya goge rubutun ya bar ta. Maɓallin Delete rubutu kawai yake sharewa, ba ya taɓa irin wannan. Da jiya na yi amfani da F5 na ce a zaɓo min dukan gurabe masu ƙa'ida maimakon in dogara da inda na sani, da na kama ta. A shafin da ke da layi 1,048,576, sanin mutum ba ya kai ko'ina. Na koma ainihin fayil ɗin, na zaɓi gurabe bakwan, na buɗe Data Validation na danna Clear All.

Na biyu a workbook.xml yake, cikin jerin sunaye: wani suna da aka rubuta wa hidden="1". Ɓoyayyen suna ba ya fitowa a Name Manager ko kaɗan, shi ya sa jiya na wuce shi. Na sake shiga Alt+F11, na danna Ctrl+G, a 'yar tagar da ta buɗe a ƙasa na rubuta layi ɗaya: For Each n In ActiveWorkbook.Names: n.Visible = True: Next. Na koma Name Manager, ga shi ya fito tsirara, tare da wasu na Excel kanta irin su _FilterDatabase, wanda take amfani da shi wajen tacewa. Waɗannan ban taɓa su ba. Nawa kaɗai na goge.

Na san akwai masu cewa a goge foldar externalLinks daga cikin zip ɗin kawai a mayar da sunan xlsx. Na yi tunanin haka da daddare. Amma an ambaci foldar nan a wasu wurare a cikin jakar, a workbook.xml da jerin alaƙoƙinsa da jerin nau'o'in abin da ke ciki. In ka cire ta ka bar ambatonta, Excel za ta ce fayil ya samu matsala, ta nemi izinin gyarawa, kuma gyaran nata yanke abin da ba ta gane ba ne. Fayil ɗin da zai je hannun masu bincike ba wurin gwada sa'a ba ne. Ni dai zip ɗin taswira na ɗauke shi: a karanta a can, a yi aiki a cikin Excel.

Na adana, na rufe, na buɗe. Shiru. Shafin farko ya fito kai tsaye, har sai da na ji wani iri, kamar gidan da aka saba jin kukan ƙofarsa aka wayi gari an sa mata mai. Maɓallin Edit Links ya dushe, ba ya dannuwa. Na sake mayar da kwafi zip don in tabbatar, foldar externalLinks babu ita gaba ɗaya. Na jera jimlolin sabon fayil da na tsohon, shafi da shafi, sun zo ɗaya.

Da a nan na tsaya, da na kai wa shugabar sashenmu da murmushi. Amma na lura sabon fayil ɗin ya fi tsohon sauƙi sosai, fiye da abin da goge shafi ɗaya da 'yan sunaye zai bayar. Sai na ɗauko kwafin farko, wanda ban taɓa ba, na buɗe cikinsa. Fayil uku a externalLinks, biyu ƙanana, ɗaya ƙato. Na buɗe ƙaton a Notepad.

Sunayen ma'aikata ne. Kowane da lambarsa, da sashensa, da matakinsa, da albashinsa, da abin da ake cire masa. A fili, ba kulle ba komai, duk wanda ya iya karatu zai karanta.

Na jima ina kallon allon kafin in haɗa lissafin. Excel tana ajiye kwafin abin da ke cikin guraben wajen da fomula ta ambata, don ta iya nuna sakamako ko da wancan fayil ɗin a rufe yake ko ya ɓata. Da wannan ajiyar ne VLOOKUP ke ci gaba da ba da amsa alhali tushensa ba ya kusa. Wanda ya rubuta fomulolin nan kolum ɗaya yake so, sunan sashe, amma da ya zo nuna iyakar teburin sai ya ja tun daga kolum A har zuwa ƙarshe. Excel ba ta tambayi niyyarsa ba, abin da ya zagaye ta kwashe ta adana. Akwai wurin da ake hana wannan, a Options ƙarƙashin Advanced, wani ɗan akwati mai suna Save external link values, amma a kunne yake zuwa, kuma ban taɓa ganin wanda ya je ya kashe shi ba. Mutumin ya tafi, kwamfutarsa ta tafi, fayil ɗin asali wataƙila ba ya duniya, amma cikinsa yana kwance a rahotonmu. Da na bi shawarar farko na kashe gargaɗin, da haka zai tafi.

Na ɗauki kwamfutar na shiga ofishinta. Na ce, "Ranki ya daɗe, an cire, ba ya fitowa kuma. Amma akwai abin da nake so ki gani da idonki." Na juya mata allon. Ta sa tabarau, ta fara gangarawa a hankali, har ta iso kan sunanta. Ta tsaya. Ta ce, "Wannan a cikin rahoton wata-wata yake?" Na ce a cikinsa yake, tun kafin in karɓe shi. Ta ce, "Wanda muke tura wa sauran sassa duk ƙarshen wata?" Na ce shi.

Ta cire tabaran ta ajiye a kan tebur. Ta ce in tura wa masu binciken sabon, in cire tsofaffin daga foldar da kowa ke shiga kafin a tashi, in kai su inda ita kaɗai ke da izini. Sannan ta jawo kwamfutarta ta buɗe akwatin saƙonnin da ta aika, ta rubuta sunan fayil ɗin a wurin nema. Jerin ya cika allo, ya ci gaba ƙasa.

Ta ce, "Malam, jawo kujera. Ɗauko takarda, ina karanto sunayen kana rubutawa."